Tabarya a Saman Ramin Gyado

A ɗakina, a kan dardumata, da shayina a hannunsu, samari huɗu suka zauna tun daga la'asar har aka kira magariba suna zaɓen bindigar da za a kashe gyado da ita, kuma babu ɗayansu da ya juyo ya tambaye ni. Ni da na shekara ashirin da shida ina ci da wannan aiki. Tambaya ɗaya aka yi mini a zaman nan: ko akwai sauran sukari.

Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun da na koya da furfura a kaina, a ajin matan unguwa, kamar sawun kaza yake, amma yana karantuwa. Ku 'yan unguwar Mahjar ta nan Jidda da Hausa ta yi wa harshenku nauyi, ku ba iyayenku su karanta muku.

Mai gayyar jikana ne, Anwar, ɗan 'yata Sakina. A nan Jidda aka haife shi, a nan ya yi gemu. Shekara bakwai yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, sai mai siton ya rufe, iƙama, takardar izinin zaman ƙasa, ta ƙare, aka rasa kafili, wato uban gidan da zai tsaya masa ya ɗauke shi. Zai hau jirgin ruwa ya tsallaka teku zuwa tashar Sawakin, daga can ya gangara ƙauyenmu na bakin kogin Dindir, inda muke da gonar kankana a hannun yayana Isiyaku, wanda yanzu ido ɗaya da rabi ya rage masa. Isiyaku ya sa an aiko da hotuna: kankana a farfashe, kunya a birkice, ramuka a gefen gona. Gyado ya dame shi. Ga wanda bai sani ba, gyado aladen daji ne, haure biyu a sama kamar lauje, biyu a ƙasa kamar aska. To shi ne Anwar ya tara abokansa su taya shi shawara, tunda dukkansu sun taɓa ganin alade a waya.

Musaddas suke so ya nema in ya isa can, ƙaramar bindigar hannu, wadda mu muke ce wa ɗabanja. Gardamar a kan iyar ce, wato kaurin harsashi. Faisal mai aski ya ce mili tara ta isa, tana cin harsashi da yawa, in na farko bai yi ba na goma zai yi. Wani ya ce sai uku-biyar-bakwai. Anwar kuwa ya kafe a kan arba'in da huɗu, don ya ga wani ƙaton Bature mai malafa ya harbi alade da ita, ya zube kamar an tsinke igiyar shanya. An maimaita kallon wannan zubewar ta fi sau goma. Ba wanda ya tambaya ina aladun da ba su zube ba, waɗanda mai ɗaukar hoton ya yar da waya ya hau bishiya.

Aikina na farko a wannan sana'a daka ne. Ubana Ɗanjuma shi ne maharbin da ƙauyukan bakin kogi suke kira in gyado ya shiga gona, har sunan ya bi shi, ana ce masa Mai-gyado, kuma ba kirari ba ne. Aikin na mutum biyu ne, ga dalili. Gyado ba ya haƙa rami, na dabgi yake gada. Da yamma in zai kwanta, da baya yake shiga, gindi a ciki, haure a ƙofa. Da safe kuma ba ya fitowa kamar mai zuwa kasuwa. Fitowa yake kamar an harbo shi, kuma duk abin da ya tarar a gaban ƙofar ya zama hanya. Don haka mai bindiga ba ya tsayawa a gaba. A saman ramin yake tsayawa, bayan bakin, iska tana bugun fuskarsa. Na biyun ya ja baya taku uku ko huɗu, daidai inda dabbar take kwance a ƙarƙashi, ya yi ta dukan ƙasa da tabarya. In ƙarar ta ishe shi sai ya fito a guje, ya ba mai bindiga ƙeya da kafaɗa. Harbi ɗaya. Sana'ar ke nan gaba ɗaya, sauran duk jira ne.

Isiyaku ya kamata ya riƙe tabaryar, shi ne namiji, shi ne babba. Ya ɗauka rana ɗaya ya ratsa gari da ita a kafaɗa, 'yan mata a bakin rijiya suka tambaye shi gidan wa ake surfe. Ya dawo ya jingine ta ya rantse ko za a yanka shi ba zai sake ba. Baba ya waiwaya ya gan ni a tsakar gida ina dakan kuka, shekarata goma sha ɗaya. Inna ta ce wa zai auri yarinyar da take bin alade? Baba ya ce wanda ya samu abin girbewa. Washegari na bi shi. Isiyaku ya tsira daga bakin 'yan mata, ga shi yau, sama da shekara hamsin, yana aiko mini da hoton fasasshiyar kankana.

A gonar gyaɗar wani Malam Tanko na yi kuskuren da kowane sabon shiga yake yi, in ya yi sa'a sau ɗaya. Mun isa bayan sallar asuba, gari ya soma haske. Na riga Baba zuwa ramin, na duba ƙasa, na ga sawu sabo, kofato duk ya nuna waje. Na ce masa mun makara, ya riga ya fita. Don in nuna na iya, na durƙusa zan leƙa. Baba ya iso. Ya kamo wuyan rigata ya ajiye ni gefe kamar tulu, ya cire hularsa ya kafa ta a kan kara daidai inda fuskata take, ya hau sama ya ɗauki tabaryar da kansa. Sau uku ya buga. Abin da ya fito ban gan shi sosai ba, ƙura na gani da wutsiya a tsaye kamar allura. Hular kuwa Inna ta yi tsumman goge fitila da abin da ya rage.

"Wanda ya shiga da baya, sawunsa ƙarya yake yi," in ji Baba. Iyakar karatun ranar ke nan.

Shekara uku na yi da tabarya kafin ya bar ni in taɓa bindiga. A cikinsu na koyi abin da sawu ba ya faɗa. Ramin da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa babu kowa. Ramin da ƙudaje suke zaune a bakinsa kamar 'yan zaman makoki, mai gida yana ciki. Ƙasar da aka turo ciki ta shiga ce, wadda aka watso waje ta fita ce. Kuma tabarya tana magana: ramin wofi ƙarar ƙwarya yake yi, mai dabba ƙarar buhun dawa. Ran da ake sanyi gyado ba ya tashi sai rana ta ɗaga, kamar ma'aikacin da ya san ba za a kore shi ba. Idonsa ba shi da ƙarfi, amma hancinsa ya san abin da ka ci jiya. Wannan duk ba na ganin an sa shi a waya. Ina jin ba ya kyau a hoto.

Harbina na farko bindigar ce ta ci. Ina shekara goma sha huɗu, na manna ta a kafaɗa da sassauci, gyadon ya fito, na ja kunama, sai ga ni a zaune a ƙasa ina kallon sama, shi kuma yana can yana gaisawa da 'yan uwansa. Baba ya karɓi bindigarsa ya miƙo mini tabarya. Sai da wata damina ta zagayo ya sake ba ni.

Bindigar kartush ce, doguwa irin ta mafarauta, mai baki ɗaya, ta girme ni. Gindinta ya taɓa tsagewa, Baba ya zura mata ɗanyar fatar wutsiyar sa, da ta bushe ta kame ta fi ƙarfe. Takardar izininta a cikin gwangwanin shayi take kwana, an naɗe ta da ƙyalle kamar laya. Harsashinta gudan dalma ne guda ɗaya, kamar aduwa. Sai ƙullin toka na gane inda iska take zuwa, sai igiya da ƙugiya, don mu ba ma taɓa abin da muka kashe da hannu. Wani ya taɓa tambayar Baba me ya sa bai nemi mai cin harsashi goma ba. Ya ce mai goma sai ya zubar da tara yake soma tunani, mai ɗaya kuwa tun daga gida.

Ku kuma sani gyado ba akuya ba ne. Kansa rabin jikinsa ne, goshin a shimfiɗe kamar dutsen niƙa, harsashi ya same shi sai ya zame ya tafi neman wani. Kafaɗarsa kullum da busasshen taɓo kamar an yi mata yaɓe. In ya durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, sai ka ce bawan Allah ne mai ladabi. Haurun sama da kuke gani a hoto na ado ne da ture-ture. Na ƙasa, gajerun nan da ba a lura da su, kullum yana wasa su a jikin na sama duk lokacin da ya rufe baki. Su ne ma'aikata.

Masu kiranmu kuwa sai a hankali. Manomi zai zo da sassafe hula a hannu, ya ce wa Baba Sarkin Baka, ni kuma 'yar albarka. In an kashe dabba, an ja ta bayan gona, ka nemi ruwan sha, sai a ɗauko maka wani moɗa daban daga kusa da turken awaki. In ka tafi a wanke shi sau bakwai, na takwas da ƙasa. Limamin garinmu ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa abincin da aka samu ta hanyar alade akwai shubuha a cikinsa. A daminar nan suka shiga masa dankali. Ya zo ta ƙofar baya, ya daɗe yana tambayar lafiyar kowa har da kaji, sannan ya ce wai akwai wata dabba. Baba ya tambaye shi wace dabba. Ya ce dabba dai. Baba ya ce, Allah gafarta malam, in zomo ne yara ma sun iya. Sai da ya ambaci sunan da bakinsa sannan muka ɗauki igiya. Naman kuwa leburorin gonar auduga ne suke zuwa su ɗauka, mutanen kudu, ba Musulmi ba. Su kaɗai a duk shekarun nan suke gaishe mu da hannu biyu, su sha ruwa a moɗanmu. Na yi aure ma duk da tsoron Inna. Masunci ne, Allah ya ji ƙansa. Ya ce shi da ake toshe hanci in ya wuce, ba shi da bakin zaɓe.

Mummunar shekarar ita ce wadda kogi ya janye da wuri, ya bar kududdufai. Daji ya bushe, gyado ya fito daga kurmi gida-gida ya sauka a gonakin bakin ruwa. Lokacin Baba ya tsufa, hannunsa yana rawa, mun yi musaya: ni bindiga, shi tabarya. Kusan kowace safiya muna kan rami. Sai wani attajiri daga birni, Afandi Bashir, mai babbar gonar kankana da injin ban ruwa, ya aiko a kira Mai-gyado. Da ya ga wadda take riƙe da bindigar sai ya ce shi ba za a ce mace ce ta share masa gona ba. Yana da ɗabanja, mai ƙyalli, a cikin gidan fata. Ya ce mu nuna masa wurin kawai.

Ran nan da la'asar Afandi ya tarar da wani tsohon gyado namiji a durƙushe a cikin kankana, ya sakar masa duk abin da ke cikin ɗabanjar. Leburorinsa sun ce an ji ƙarar har hayi. Gyadon ya ɗaga wutsiya ya tafi, yana ɗigar da jini kaɗan-kaɗan har ramin da ke gindin wata aduwa.

A sana'armu ba a barin mai rauni. Lafiyayyen gyado gudu yake yi in ya ga mutum. Mai rauni ya daina gudu, kuma mata suna bin hanyar nan zuwa ɗiban ruwa. Don haka da safe muka je, ba don Afandi ba. Muka tarar ya riga mu, da farar jallabiya, da wata ɗabanjar ta aro, ta fi ta jiya girma. Ya yi mana bayani cewa ya gano matsalar: iyar ɗin jiya ne ya yi ƙanƙanta. Na hau saman ramin, Baba ya ja baya da tabarya. Afandi ya dubi ƙasa, ya ga sawu ya nuna waje, ya ce ai ma ya fita, ya je ya tsaya a bakin ƙofa taku biyar, ƙafa a buɗe, hannu biyu a kan bindiga, ko da zai dawo. Na ce masa yana ciki, ya hawo sama. Ya ce shi ya yi makaranta. Na sake faɗa. Ya ɗaga murya yana tambayar Baba ko haka ake tarbiyyar 'ya'ya mata a ƙauyen nan.

Baba bai ko buga tabarya ba. Muryar Afandi ta isa.

Ba zan iya harbi ba, farar jallabiya ce a bayan dabbar. Afandi ya harba sau biyu, ɗaya ya samu goshi ya zame, ɗaya ya samu aduwa. Na diro na ture shi da kafaɗa, ya faɗa cikin kunya. Gyadon ya wuce ta inda ƙafata ta hagu take, ya ɗaga kai sau ɗaya kamar mai amsa gaisuwa. Daga idon sawu zuwa bayan gwiwa ya buɗe kamar an tsaga kifi. Ya juyo zai ƙara, Baba ya sauke masa tabarya a hanci, ya karkace, ya ba ni kafaɗa. Daga zaune na harbe shi.

Wata biyar na yi a kwance. A cikin wata biyar ɗin nan babu mai hawa rami a bakin kogin, gyado ya ci abin da fari ya rage, mu ma sai da muka ci ganye. Mutanen da gonakinsu suka tafi suna zuwa dubiya suna cewa daman me ya kai mace. Afandi ya koma birni ya ba da labarin yadda ya kashe halluf, wato gyadon, da hannu ɗaya. Ni kuma ya aiko mini da kankana guda, Allah ya saka masa, ba ta nuna ba. Leburorin da suka feɗe naman su ne suka kawo mini abu a ganye: harsasan ɗabanja huɗu da suka ciro daga kai da kafaɗa, sun baje kamar maɓallin riga, ko ɗaya bai wuce ƙashi ba. Na ajiye guda. Da na warke na koma rami da ɗingishi, na ƙara shekara bakwai, har Baba ya rasu, mai gidana ya bi shi, na rasa mai riƙe mini tabarya. Na rataye bindigar a ɗakin Isiyaku na taho umra. Wata Balarabiya ta ɗauke ni girki, ɗanta ya yi mini iƙama, na zauna.

'Yan unguwar nan duk sun ɗauka ɗingishina na hawan bene ne. Ban taɓa gyara musu ba.

To a koma ɗakina. Ina zuba shayi zagaye na uku sai na ji Anwar ya buɗe hoton ramin da Isiyaku ya aiko, ya ja shi da yatsu biyu ya girma, yana nuna wa Faisal. Ya ce shuf, duba, sawun ya yi waje, yaani da rana ramin fadi ne, babu kowa. Shi zai tsaya nan gaba, taku biyar, hannu biyu.

Na ajiye butar. Na ce ya miƙo wayar. Ya miƙo yana dariya, yana cewa kada in goge masa abu. Na duba. Ƙasa a ture ciki. Ƙudaje ma sun fito a hoton, baƙaƙe a bakin ramin.

"Maigida," na ce masa, "wannan ramin da mai shi a ciki."

"Ya Habboba, ke da ko jirgin sama tsoro kike ji?"

Habboba, haka Anwar yake kirana, wato kaka. Abokan suka yi dariyar ladabi, irin wadda ake yi wa tsohuwa. Na tashi na ɗauko gwangwanin allurata, na zazzage, na ɗauki maɓallin dalmar nan na ajiye a faranti tsakanin kofuna. Sannan na zauna na ja zanena zuwa gwiwa, ai duk kamar jikokina ne, na miƙe ƙafar a kan darduma. Na ba su labarin Afandi kamar yadda na ba ku, ban rage ba ban ƙara ba. Faisal ya ajiye kofinsa bai ƙarasa ba. Ɗaya ya ce la haula.

Anwar ya ɗauki dalmar ya juya ta a tafin hannunsa. Yaro ne mai hankali, ya yi tunani sosai kafin ya yi magana.

"Habboba, wallahi kin yi ƙoƙari. Bas, sai dai kin ga, wannan ƙaramin iyar ne. Shi ya sa nake ce musu arba'in da huɗu."

Aka kira magariba, suka yi yalla yalla suka fita masallaci, suna ci gaba da gardamar a kan bene. Sakina ta shigo kwashe kofuna, na gaya mata abin da ɗanta ya ce. Ta ce Inna ki bar shi, namiji ne, in ya je zai koya. Na ce ƙwarai, gyado yana koyarwa, sai dai ajinsa na kwana ɗaya ne. Ta ce to a kira Kawu Isiyaku ya nuna masa. Na ce mutumin da ya gudu daga 'yan matan rijiya?

Ga yadda abin yake. Bindigar tana nan rataye, Isiyaku yana shafa mata man riɗi duk shekara don tsoron bakina, takardarta kuma sabuntawa kawai take so. Idona yana zura zare a allura har yau. Abin da babu shi ne mutum biyu, kuma ba a koyar da tabarya ta waya. Ni kuma na zo ƙasar nan da niyya ɗaya. Likkafanina yana ƙasan akwati, an wanke shi da zamzam. Na gaya wa Sakina tun tuni, in na soma shure-shure a sa ni a mota a nufi Makka, ko a hanya ne na cika an rage nisa. Duk tsohuwar da ke unguwannin Mahjar da Nuzla wannan lissafin take yi, kada wata ta yi muku ƙarya.

Da gari ya waye na yi wanka na sa abayata ta zuwa unguwa, na hau mota zuwa gidan kafilina. Uwarsa ta rasu shekara huɗu ke nan, amma yana sabunta mini iƙama don girman tuwon da ya ci a hannuna. Na same shi zai fita aiki. Na ce huruj niha'i nake so, fitar da ba dawowa. Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce zai yi mini ta fita da dawowa, in je in ga dangi wata biyu ko shida in komo. Na ce aikin da zan je yi shekara uku ne, a ƙalla, in ɗalibin yana da kai.

"Ya Hajja," ya ce, "mutane suna sayar da gona su zo su mutu a nan. Ke za ki bar nan ki tafi gona? Me ke can?"

"Aladu," na ce.

Ya ajiye makullin motarsa. Sannan ya kawo takarda, ya buɗe abin dangwala yatsa kamar yadda aka saba. Na ce ya ba ni biro.

Da na dawo gida Anwar yana tsakar ɗaki yana shirya akwati, turare da caja da takalman gudu farare. Na wuce kicin na ɗauko tabaryata ta ƙirya, wadda nake dakan yaji da ita, na ɗora masa a kan kayan. Ta fi akwatin tsawo da kamu biyu. Na gaya masa jirgi ɗaya za mu hau, bindiga tawa ce, wannan tasa, sai bayan damina uku mu sake zancen iyar.

Ya dubi tabaryar, ya dube ni. Ya ce ba za ta shiga akwati ba, yaya zai ratsa tasha da ita a gaban mutanen da ya yi aiki da su shekara bakwai?

Na ce a kafaɗa.